Nauyin Direba

Ƙusa ya mirgino daga ƙarƙashin motar, ya goge hannuwansa a jikin wando, ya ce aiki ya zo ƙarshe. Abu guda ya rage: direba ya shiga ya zauna.

Tsinke yana tsaye a bakin garejin. Ya dubi motar, ya dubi ƙofarta. Ja ce mai ƙofa biyu da dogon hanci, irin ta gudu, kuma ta girmi 'yarsa ta fari. Ya saye ta tun yana saurayi, a zamanin da sunan Tsinke ya dace da shi. Daga baya ya buɗe gidan burodi, kuma shi mutum ne mai amana a sana'a, ba ya sayar wa jama'a abin da bai ɗanɗana ba. Jiki ya yi ta ƙaruwa, sunan kuwa ya zauna daram, domin ba a sami wanda zai yi ƙarfin halin canza shi ba.

Kwana da kwanaki motar ta yi a hannun Ƙusa, bakanike kuma amininsa tun suna makaranta. An cire tsofaffin shokozoba masu shanye girgiza da suka mutu tun tuni, da sifirin da suka gaji da duniya, da robobin bushin da suka farfashe. An sa sababbi, irin waɗanda ke da zobe a jiki, in aka murɗa shi motar ta ɗaga ko ta sauka, kowace ƙafa da nata. Tsinke ya nemi abu biyu. Yana so motar ta yi laushi kamar katifa saboda bayan matarsa, kuma yana so ta kwanta ƙasa-ƙasa saboda idon jama'a. Ƙusa ya gaya masa cewa laushi da kwanciya ba su cika jituwa ba, amma zai gwada. Suka yi ciniki har suka tsaya a kan ratar yatsu biyu tsakanin taya da madigadi, wato ƙarfen da ya rufe samanta.

Dalilin wannan ɗawainiya duka kuwa Malama ce, matar Tsinke, shugabar wata makarantar firamare, wadda ba ta saba maimaita magana ba. Ta daina shiga jar motar tun ranar da wani rami ya haɗa kanta da rufi. Tata ƙaramar motar tana wuni a rana, ita kuwa jar tana kwance a inuwar rumfa tana ɗigar da mai. Da haƙurinta ya ƙare sai ta samo dillali. Tsinke ya yi roƙo, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci na tsawon wata yamma guda, har ta ba shi dama ɗaya. Yau Asabar zai kai ta gidan yayarta a ɗaya gefen gari ya dawo da ita. In ba ta ji ciwon baya ba, ba ta ji wata baƙuwar ƙara ba, mota ta zauna. In ta ji ɗaya daga ciki, dillali zai zo ranar Litinin.

Ƙusa ya sake bayani, a zatonsa abokin nasa bai ji ba. Irin waɗannan ƙafafu, in ji shi, ba a daidaita su da kujera a wofi. Sai direba ya zauna, a tura motar gaba da baya ta zauna da gindinta, a auna, direba ya fito, a murɗa zobe, ya sake shiga, haka dai har sai an dace.

Nan gizon yake saƙa. Shiga wannan mota ta zama wa Tsinke wani sha'ani na sirri. Yakan fara tura ƙafa ɗaya, ya dafa rufi, ya haɗiye ciki, sannan ya saki jiki ya faɗa da nishi. Fitowa kuwa ta fi muni, domin takan haɗa da gwiwa a ƙasa. A gida yakan yi wannan bayan ya rufe ƙofar gida. A nan kuwa ga tsohon mai walda na maƙwabta, ga direbobin tasi biyu a kan benci suna jiran gyara, suna cin burodin da shi da kansa ya kawo musu, ba su da abin kallo sai shi.

"Kai ka zauna mana," in ji Tsinke, yana laluben wayarsa kamar ana kiransa. "Ai nauyinmu ɗaya."

Akwai lokacin da wannan magana gaskiya ce. Ɗaki ɗaya suka yi haya suna samari, wando ɗaya suke karɓa-karɓa, kuma da wandon Ƙusa Tsinke ya fara zuwa gaishe da iyayen Malama. Sai dai Ƙusa yana nan yadda yake, in ya juya gefe sai ka neme shi. Ya dubi abokinsa tun daga wuya har zuwa inda bel ya ɓace, sannan ya mayar da idonsa kan fuskarsa da sauri. Yana ƙaunar mutumin nan, kuma bai taɓa gaya masa abin da zai sosa masa rai ba.

"Haka ne," in ji Ƙusa. "Kusan ɗaya."

Aka roƙi mai walda ya riƙa aunawa yana murɗa zoben. Tsohon ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya tambaye su ko sun tabbata. Suka amsa baki ɗaya cewa sun tabbata. Ya ce to, ai ba motarsa ba ce. Ƙusa ya yi ta shiga yana fita kamar kyanwa, direbobin tasi suna taya tura mota, Tsinke kuma yana can gefe da waya a kunne yana ba da umarni mai tsanani ga wani wanda babu shi. Kafin rana ta yi zafi aka gama. Motar ta zauna cif, yatsu biyu a kowace ƙafa, har mai walda da bai cika yabo ba ya gyaɗa kai.

Tsinke ya jira sai da aka kira direbobin tasi su duba wani abu a injin, sannan ya yi wuf, gwargwadon wuf ɗin da zai iya, ya faɗa ciki. Ƙusa yana tsaye ta ɓangaren hagu, ɓangaren direba, kuma a gaban idonsa yatsu biyu suka koma ɗaya, ɗayan ma ya yi ta raguwa. Ya buɗe baki. Ta gilashi ya hango fuskar abokinsa tana walƙiya da murna, hannu a kan sitiyari.

"Ka bi kwana a hankali," abin da ya iya cewa ke nan.

A miƙaƙƙen titi motar ta zama wata aba daban. Ramukan da Tsinke ya haddace, waɗanda yakan cije haƙori kafin ya isa gare su, suka wuce ta ƙarƙashinsa ba tare da sun gaishe shi ba. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Sai da ya zo karya kwanar dama ta farko, nauyi ya koma hagu, ya ji wata ƙara daga ƙafar gaba, kamar ana jan buhun fulawa a kan siminti. Ya saurara. Ya gaya wa kansa sabon abu ne, sai ya saba. A kwanar dama ta biyu ƙarar ta dawo har da ɗan ƙauri, sai ya ƙara muryar rediyo.

Ya tarar da Malama ta shirya, tana tsaye a ƙofar gida da jaka a kafaɗa. Bai fito ba, ya miƙa hannu ya buɗe mata daga ciki. Ita kuwa sai da ta zagaya motar a hankali, irin zagayen da take yi wa aji ranar da baƙi za su zo. Ta ce kamar motar ta karkace. Ya ce ƙasar wurin ce ba ta daidaita ba. Ta ce a wurin nan take ajiye tata kullum, ba ta taɓa ganin ta karkace ba. Ya ce tata ai ba ta da irin wannan ji da jiki. Ta shiga, ta ɗaura bel, ta miƙa hannu ta kashe rediyo.

"Na zo sauraro ne," in ji ta.

Daga gidansu zuwa gidan Yaya akwai kwanar dama da yawa, kuma Tsinke ya ƙudura a ransa ba zai karya ko ɗaya ba. Duk inda ya kamata ya yi dama sai ya wuce, ya yi hagu, ya ƙara hagu, ya sake hagu, ya fito inda yake so. Dabara ce mai kyau, illarta kawai tana cin hanya. Malama ta jingina da kujera, kuma ya lura ba ta dafa komai ba, abin da bai taɓa gani ba a motar nan. Da suka bi ta kan layin dogo ta ɗan ɗaga gira, ta ce ba laifi. Zuciyarsa ta yi fari tas. A bakin Malama, ba laifi babban yabo ne, akwai malaman da suka yi ritaya a ƙarƙashinta ba su samu ba.

Sai dai da suka wuce wani kantin magani mai koren allo a karo na biyu, ta tambaye shi ko kantin yana da reshe ne a unguwar. Ya ce yana so ta ga gari. Ta ce a garin aka haife ta. Ya ce akwai cunkoso a ɗaya hanyar. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙeya.

Abin da bai saka a lissafi ba shi ne tudun rage gudu da ke gaban babbar kasuwa. Ba kwana ba ce, ba a kauce masa. Ya rage gudu har mai tura baro ya wuce shi, ya hau tudun a karkace kamar yadda masu ƙananan motoci suke yi. Ƙafar dama ta haye lafiya. Da ta hagu ta sauka sai sifirin mai laushi ya lotsa, madigadi ya cafke taya, aka ji wata ƙara da ta sa masu sayar da lemo suka waiwayo. Cikin firgita ya saki kuloci, injin ya mutu. Motar ta tsaya rabi a kan tudu, ƙaurin roba ya cika ciki.

Malama ta juyo ta dube shi.

Bayansu motoci suka fara ham. Ba yadda zai yi, dole ya fito a gaban kasuwa guda, da dafa rufi, da gwiwa a ƙasa, da komai. Ya miƙe yana haki, ya duƙa ya duba ƙafar. Ga mamakinsa babu abin da ya same ta. Yatsu biyu cif, mota a miƙe kamar a hoton talla. Ya ce wa Malama ta gilashi ai ta warware da kanta. Ya koma ya shiga, ya tayar, ya ɗan matsa, ƙarar ta dawo. Ya sake fitowa, motar ta tashi. A karo na uku jama'ar bakin titi sun riga sun gane abin da shi bai yarda ya gane ba, har wani direban bas ya leƙo yana ba shi shawara ya rage kaya.

Tsinke ya kira Ƙusa. Cikin gaggawa sai ya danna inda murya ke fitowa fili. Ƙusa ya saurari bayanin, ya yi gyaran murya, ya ce wataƙila sifirin ɓangaren direba ne bai gama zama ba. Ya ce ko kuma iskar tayar ce. Ya ce wani lokaci ma daga kamfani ake samun ɗaya ya fi ɗaya laushi. Ya lissafo duk abin da ke cikin mota, ban da mutum.

Malama ta fito, ta zagayo, ta karɓi wayar. Ta gaishe da Ƙusa, ta tambayi iyali, sannan ta nemi ya gaya mata yadda ake daidaita irin wannan abu, dalla-dalla, kamar yana koya wa 'yan aji ɗaya. Ya faɗa mata, yana jan kowace kalma.

"To, wa ya zauna a kujerar?"

Ƙusa ya sake gyaran murya.

"Matarmu," in ji Ƙusa daga can, "ai ni da shi, kin sani, tun da can..."

"Na sani," in ji ta. "Ni nake sayo masa wando."

Ta kashe wayar ta miƙa wa mijinta. Ba ta yi dariya ba, kuma ya gode mata a ransa, ko da yake ya ga gefen bakinta yana motsi. Mai ba da hannu ya iso yana hura usur, ya ce ko a kawar da motar nan yanzu ko ya kira masu ja. Malama ta jefa jakarta baya, ta shiga kujerar direba ba tare da ta dafa komai ba, ta jawo kujerar gaba, ta gyara madubi. Motar ba ta ko lotsa ba, domin jikin Malama da na Ƙusa kusan awo ɗaya ne. Ta tayar, ta haye tudun sumul, ta tsaya gaba kaɗan kusa da wurin jiran bas.

Tsinke ya bi ta a ƙafa, ya buɗe ɗaya ƙofar, ya faɗa kujerar fasinja. Suka yi tafiyar da ba ta kai tsawon rumfa uku ba, ƙarar ta taso daga ƙafar dama. Malama ta taka birki. Ba wanda ya ce masa ya fita, shi da kansa ya fita.

Ta leƙo ta ce masa ya tsaya nan, za ta je gaba ta juyo, su san abin yi.

Ya zauna a bencin jiran bas, tsakanin wata mata mai kwandon kabeji da wani dattijo mai jarida. Kunya ta riga ta gama cinsa, abin da ya rage baƙin ciki ne. Ya faɗi jarrabawa, ƙara kam an ji ta har kasuwa ta shaida, kuma Malama ba ta taɓa janye magana ba. Ranar Litinin wani zai zo ya ja motar, rumfa ta koma ta ƙaramar mota. Ya gane, yana zaune a wurin, cewa duk shekarun nan in ya rufe ƙofar jar motar ya kama sitiyari, siririn saurayin nan yake zama, wanda bai san ciwon gwiwa ba. A nan kaɗai yake haɗuwa da shi. Yau motar da kanta ta ƙaryata shi a bainar jama'a, kuma ya ji zafin wannan fiye da dariyar direban bas.

Juyowar Malama ta daɗe. Wurin juyawa yana nan kusa, ana hango shi daga bencin, amma jar motar ta wuce shi ba ta ko rage gudu ba. Bas ta zo ta tafi, wata ta zo ta tafi. Ya fara tunanin ko ta mutu mata a hanya, ko kuma ta wuce kai tsaye wurin dillali don a huta. Ya ciro waya ya mayar.

Kunnensa ne ya fara sanar da shi. Ya san muryar injin nan a cikin dubu, amma ya daɗe bai ji ta a wannan sautin ba, domin shi kansa ya daina kai ta can. Motar ta ɓullo daga kwanar dama, ta shanye kwanar ba ƙara ba tangaɗi, ta zo ta tsaya a gabansa. Ɗankwalin Malama ya zame baya, idanunta suna ƙyalli. Ta ce ta ɗan bi ta babban titin bayan gari ne don ta tabbatar da birki. Ta tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mata abin da giya ta uku take yi ba.

Kafin ya sami amsa ta ciro wayarta, ta kira dillali a gabansa. Ta ce masa kada ya wahalar da kansa ranar Litinin, an fasa. Dillalin ya so ya ja magana, ta ce ta gama.

Tsinke ya miƙe tsaye. Murna ta taso masa tun daga ciki har ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ce Allah ya yi mata albarka. Ya ce gobe-goben nan zai mayar wa Ƙusa, shi da kansa zai zauna a kujerar ko sau nawa ne, ko a gaban wa, a murɗa zoben nan a ɗaga ta, aikin da ba zai kai azahar ba.

"A ɗaga wa?" in ji Malama. "Ba mai taɓa ta. Daidai take."

"To ni fa?"

"Makullin ƙaramar yana kan firij. Ba ta da ji da jiki, za ku shirya." Ta dubi agogo. "Yaya tana jira. Ka hau bas mu haɗu a can."

Ta saka giya, ta duba madubi, ta hau titi.

Tsinke ya tsaya yana kallo. Tun ranar da ya sayi motar nan bai taɓa ba kowa tuƙinta ba, don haka bai taɓa ganin ta tana tafiya ba sai yau. Ta kwanta ƙasa-ƙasa yadda ya yi ta mafarki, rana tana zamewa a kan dogon hancinta, tana bi ta kan faci da ramuka ba ta ko girgiza. Masu lemo suka bi ta da ido, mai ba da hannu ma ya sauke usur. Ashe haka take da kyau.

Dattijon mai jarida, wanda ya sauke jaridarsa don ya kalla, ya ce rabon da ya ga irin wannan a kan titi har ya manta. Ya tambayi Tsinke ko ya san mai ita.

Tsinke ya bi jan ɗigon da ido har ya shige cikin motoci.

"Ta matata ce," ya ce, ya koma ya zauna yana jiran bas.